Zauren Lafiya: Kyamarar zafi da ƙunar fata wajen gashin ciwon daji

Tambaya: Assalamu alaikum Hajiya, ya aiki, ya zafi. Innarmu ce aka yi wa aikin ciwon daji na nono, an cire na hagu, ta gama ƙarin ruwan maganin daji, wato shimiyo, yanzu an ba mu takarda mu kai ta Yamai a yi mata gashi. Tun da ta ji haka barci ya ƙaurace mata, saboda akwai wata maƙwabciyarmu da ta dawo daga gashi ƙirjinta duk ya saɓule, ko riga ba ta iya sawa. Yayanmu da ke karatu a waje ya turo saƙo cewa yanzu akwai kyamarar da ke ɗaukar hoton zafin jiki, tana faɗa tun da wuri wadda fatarta za ta ƙone da wadda ba za ta ƙone ba. Gaskiya ne? In gaskiya ne, ina ake samun ta? Ɗiyarki daga unguwar Ali Ɗan Sofo, Maradi.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗiyata. Allah Ya ba Inna lafiya, Ya sa kaffara ne. Yayanku bai yi ƙarya ba, ya dai ɗan yi gaba da labarin. Kyamarar akwai ta, ana gwada ta a kan wannan aikin, abin da aka fara gani kuma ya yi daɗi. Sai dai har yanzu a hannun masu bincike take. Ba ta kai ga zama abin da za ki shiga asibiti ki ce a yi wa Inna ba, ko a Faransa balle nan. Kada ku ɗaga tafiyar Yamai ko da kwana ɗaya don neman ta. Sashen gashin, wato maganin daji da hasken inji, da ke cibiyar yaƙi da ciwon daji ta ƙasa a 2021 aka buɗe shi, da taimakon hukumar makamashin nukiliya ta duniya, IAEA. Kafin wannan shekarar duk wanda likita ya rubuta wa gashi sai ya ƙetare iyaka, in yana da hali. Wanda ya samu layi yanzu ya riƙe shi da kyau.

Ki fara fahimtar abin da ke samun fatar, don shi zai kwantar wa Inna da hankali fiye da labarin kyamara. A can ƙasan fata akwai wani siririn shimfiɗi na ƙwayoyin halitta da kullum suke rabuwa suna haifar sabbi, sabbin na turo tsofaffi sama har su bushe su kaɗe. Daga ƙasa zuwa sama kusan mako huɗu ake yi. Hasken gashi kuwa ya fi cin ƙwayar da ke saurin rabuwa, shi ya sa yake kashe ta daji. Amma kafin ya isa gare ta tilas ya ratsa fata, a nan yake taɓa masu haifar sabuwar fatar. Ranar farko ba a ganin komai, makon farko ma haka, domin tsohuwar fatar na nan a sama. Sai ta fara kaɗewa babu wadda za ta maye gurbinta, sannan abin ke fitowa fili, galibi daga mako na biyu zuwa na uku.

Ana auna yawan hasken da ma'aunin da ake kira gire. Tsohon tsari na nono shi ne gire 50 a zama 25, Litinin zuwa Juma'a, mako biyar. Bayan binciken da aka yi a Ingila asibitoci da yawa sun koma gire 40 a zama 15, mako uku. A 2020 kuma Ingilan ta nuna cewa wasu matan gire 26 a zama 5 ya ishe su. Kowane aka bi, kamar tara cikin goma na masu gashi fatarsu tana canzawa, amma yawancinsu a mataki mai sauƙi abin ke tsayawa: wurin ya yi duhu, ya bushe, ya yi ƙaiƙayi, ya yi saɓa. Mataki na gaba shi ne fatar ta buɗe tana tsatsar ruwa a cikin lanƙwasa, ƙarƙashin nono ko hammata. Na uku shi ne saɓulewar ta bazu har wajen lanƙwasa, ta yi jini in an ɗan goge ta. Ina zaton shi ne ya samu maƙwabciyarku, kuma ba shi ne rabon kowa ba.

Ga abin da ya fi damuna a aikina, kuma shi ya sa nake bin labarin wannan kyamara. Ƙunar ba ta tsayawa ranar da aka gama gashi. Tana ci gaba, ta kai ƙarshen tsananinta mako ɗaya zuwa biyu bayan zama na ƙarshe. A lokacin Inna ta riga ta hau kar, ta wuce Doso, ta wuce Dogon Dutsi da Birnin Ƙonni, tana kwance a ɗakinta a Maradi, tsakaninta da likitan da ya yi mata gashi fiye da kilomita 600. Ta baro can fatarta lafiya lau a ido, kowa na barka. Kwana goma a tsakani sai ga ta a ɗakin wankin miki wurin irinmu. Da a ce tun tana Yamai an san tana cikin waɗanda fatarsu za ta buɗe, da da kayan ɗauri da man shafawa da takarda zuwa gare mu za ta dawo.

To ya kyamarar ke aiki? Duk abin da ke da ɗumi yana fitar da wani haske da ido ba ya gani. Kin san yadda bangon siminti ke huro miki zafi bayan magariba a watan Afrilu ko ba ki taɓa shi ba. Jikinmu ma haka yake yi dare da rana. Ƴar bindigar auna zafi da ake saita mana a goshi lokacin korona wannan hasken take karantawa, sai dai ita wuri ɗaya take aunawa. Kyamarar kuwa dubban wurare take aunawa a lokaci guda, ta mai da su hoto mai launi, inda ya fi ɗumi ya fito ja ko fari, inda ya fi sanyi ya fito shuɗi. Mai kyau daga cikinsu tana gane bambancin da bai kai kashi ɗaya cikin goma na digiri ba. Ba ta taɓa jiki, ba ta harba komai, karɓa kurum take yi. Shi kuma wurin da hasken gashi ya taɓa, ƙananan jijiyoyinsa na jini suna buɗewa, jini ya ƙaru, wurin ya ɗumama tun kafin launinsa ya canza. Wannan ɗan ɗumin na farko ake farauta.

A birnin Reims na Faransa an bi mata 64 masu gashin nono ana ɗaukar su hoto, aka buga sakamakon a 2018. An ga cewa galibin matan da fatarsu ta yi tsanani, tazarar ɗumi tsakanin nonon da ake gasawa da ɗan'uwansa ta fi ta sauran matan. A 2020 kuma masu bincike a asibitin Sunnybrook da ke Toronto, Kanada, suka ƙara taku ɗaya. Sun ɗauki hotunan mata 90 kafin a fara gashi da kuma ana cikin yi, suka ba wata manhajar kwamfuta mai koyo daga misalai. Ba yawan zafin kaɗai ta duba ba, har da yadda ya rarrabu a kan fatar, a shimfiɗe yake ko dabbare-dabbare. Daga hoton zama na biyar, wato ƙarshen makon farko lokacin da ido bai ga komai ba, manhajar ta yi daidai kusan sau 87 cikin 100 wajen ware waɗanda fatarsu za ta yi tsanani.

Abin a yaba ne, amma ki riƙe shi da hannu biyu. Mata 90 a asibiti guda ba duniya ba ce. Matan kuma nononsu na nan, ƙullutun aka cire. Mu a nan ciwon nono shi ne kan gaba a ciwon dajin mata, kuma yawanci ba a zuwa sai ya yi nisa, sai an cire nonon gaba ɗaya kamar na Inna. Gashin ƙirjin da aka cire wa nono daban yake: sau da yawa da gangan likita ke so hasken ya ci fatar, har ya kan ɗora wani abu mai laushi a kan ƙirjin don hasken ya taru a sama, saboda a fatar da tabon aikin ne ciwon ke son dawowa. Manhajar da ta koya daga matan Toronto sai an sake koya mata da namu.

Sannan sanin gaibu da ba a yi komai da shi ba, ƙarin tashin hankali ne kurum. Amfanin kyamarar yana ga abin da za a yi wa wadda aka gano. Akwai wata siririyar leda ta musamman, Mepitel Film, da ake liƙawa a ƙirji tun ranar farko a bar ta har a gama. A wani gwaji na Kanada da aka buga a 2023, matan da aka liƙa wa ita kusan 15 cikin 100 ne suka yi ƙuna mai tsanani, waɗanda ba a liƙa wa ba kusan 45 cikin 100. Tana da tsada, tana kuma cin lokacin ma'aikaci. Ƙasa mai kuɗi za ta iya liƙa wa kowa ta huta. Mu da ba za mu iya ba, mu ne muka fi buƙatar abin da zai ce mana ga wadda za a ba. Ra'ayina ke nan: in kyamarar nan ta tabbata, talakan asibiti za ta fi yi wa rana.

Kafin nan, ba a cikin duhu muke ba. An san waɗanda suka fi shiga haɗari: mai jiki, mai manyan nonuwa, mai ciwon suga da bai daidaita ba, mai shan taba, wadda ake haɗa mata shimiyo da gashi lokaci guda, da wadda za a gasa har hammata da gindin wuya. Injin gashin ma da nasa, don iri biyu ne: na kobal (wani ƙarfe mai fitar da hasken) ƙarfinsa ya fi taruwa kamar rabin santimita daga saman fata, na lantarki kuma ya kan nutsa kamar santimita ɗaya da rabi, don haka na kobal ya fi taɓa fata. Ki tambayi likitan zama nawa ne, ina da ina za a gasa, me za ta shafa, wa za ku kira in fatar ta buɗe bayan kun dawo. Ki rubuta amsoshin a takarda. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Tambaya: Hajiya barka da aiki. Maiɗakina ce ake yi wa gashin nono a wani asibiti a ƙetare, tana mako na uku. Kullum ta kira ni tana cewa wurin na mata zafi da raɗaɗi, amma in an duba sai a ce babu ja, ba komai. Har ta fara cewa za ta tattara kayanta ta dawo gida. Ita baƙa ce sosai. Raki ne ko da gaske akwai abin? Daga wani magidanci a Tasawa.

Amsa: Alhaji, ba raki ba ne, kuma da ka ce baƙa ce sosai ka taɓo inda gizo ke saƙa. Ma'aunin da likitocin duniya ke bi wajen ba ƙunar gashi mataki, a kan ja aka gina shi: ja kaɗan, ja sosai, ja mai sheƙi. A jikin farar fata aka tsara shi, a nan kuwa ja ba ya ɓuya. A fatarmu jan nan ba ya fitowa ja. Wurin ya kan ƙara duhu, ko ya yi wani shuɗi-shuɗi, ko ya yi toka-toka, ko ya ɗauki sheƙi ya ɗaure. Wani lokaci ramukan gashin jiki ne ke fitowa ɗige-ɗige baƙaƙe. Wanda idonsa ja yake nema zai duba ya wuce.

Ba a nan kaɗai ba ne. A jihar Michigan ta Amurka an haɗa abin da dubban mata masu gashin nono suka rubuta da hannunsu game da ciwo, ƙaiƙayi, kumburi da gajiya, da abin da likitocinsu suka rubuta a kansu. Sakamakon da ya fito a 2022 ya nuna likitoci na yawan raina abin da matan ke ji, rainin kuma ya fi yawa a kan baƙaƙen mata da masu ƙarancin shekaru.

A nan ne kyamarar zafi ta fi ba ni sha'awa. Launin da ido ke gani da hasken ɗumi da jiki ke fitarwa ba hanyarsu ɗaya ba. Fatar ɗan Adam, baƙa ko fara, tana fitar da kusan kashi 98 cikin 100 na hasken ɗumin da zai yiwu abu mai irin zafinta ya fitar. Ga kyamarar, ƙirjin Bahaushiya da na Baturiya kusan ɗaya ne. Kumburin da baƙar fata ta ɓoye wa ido ba ta iya ɓoye mata shi. Abin da ya rage shi ne a gwada ta a kan mata irin maiɗakinka da yawa, kuma da ni ce mai raba kuɗin bincike, nan zan fara zubawa.

Yau dai ga abin yi. Ita da bakinta za ta yi magana, ba ɗan rakiya ba, kuma kada ta ce "da sauƙi" in babu sauƙi. Matanmu sun iya wannan, likita ya tambaya su ce alhamdulillahi, su fito waje suna share hawaye. Ta faɗi wurin, ta faɗi irin ciwon, zafi ne ko suka ko ƙaiƙayi, ta faɗi ko yana hana ta barci, ta ba shi maki daga sifili zuwa goma. Ta sa bayan hannunta a gefen da ake gasawa, ta sa a ɗaya gefen, in ta ji bambanci ta faɗa. Ta roƙi ma'aikaciya mace ta ɗaga nonon ta duba ƙarƙashinsa da cikin hammata a haske mai kyau, don can fatar ke fara buɗewa, can kuma kunya ke hana a duba. In akwai mai ɗaukar mata hoto da salula, a ɗauka duk bayan ƴan kwanaki a wuri ɗaya, haske ɗaya. Duhun da ke ƙaruwa a hankali sai an jera hotuna ake gane shi.

Maganar dawowa gida kuwa, ka lallashe ta. Fatar za ta warke, galibi cikin mako biyu zuwa huɗu bayan ta kai ƙarshen tsananinta. Gashin da aka yanke a tsakiya ciwon yake ba damar farfaɗowa. In ana buƙatar hutu, likitan da ke riƙe da lissafin hasken shi zai ba da shi.

Tambaya: Hajiya, ni ɗan kasuwa ne, ina shiga Kano. Na ga ƙaramar kyamarar zafi da ake cusawa a gindin salula. In na sayo zan iya duba gyatumata a gida? An kuma ce da ita ana gane ko mace na da dajin nono ba sai an je asibiti ba. Ɗanki daga Madarunfa.

Amsa: Ɗana, ka adana kuɗinka ka ƙara a na mota da masauki. Na riƙe irinta, FLIR One. Ɗan ƙanwata mai aikin sola yana duba faranti da wayoyi da ita, ya nemo inda ke ɗaukar zafi. Ya sa na dafa tebur na ɗauke hannu, sai ga sawun yatsuna biyar suna haske a kan katakon, a hankali suka dushe. Daga nan na riƙe ledar ruwan sanyi na ɗan lokaci na ajiye, ya sake ɗauka: hannun dama ja, na hagu shuɗi har wuyan hannu. Wanda bai ga ledar ba zai rantse jini ba ya zuwa hannun.

Matsalar ke nan. Kyamarar gaskiya take faɗa, amma komai na motsa zafin fata. Shi ya sa masu bincike ke ɗauka a ɗaki mai sanyi daidai, digiri 20 zuwa 24, babu iskar fanka, babu rana ta taga. Mace ta buɗe wurin ta zauna minti 10 zuwa 15 fatar ta daidaita, ba ta shafa mai ba, ba ta fito daga wanka ba, tazara ɗaya, tsayuwa ɗaya, kowane lokaci. Kai kuma za ka ɗauka a ɗakin kwano a Madarunfa da bazara, zafi ya haura digiri 40, zufa na sanyaya wani wurin tana barin wani. Hoto za ka samu mai kyan launi, fassararsa ce babu. In ya yi ja ka tayar wa tsohuwa da hankali a banza, in bai yi ba ka saki jiki a banza.

Maganar gano daji ita ta fi haɗari. Tsohon zance ne. Tun 1956 wani likitan fiɗa a Montreal, Ray Lawson, ya lura fatar da ke kan dajin nono ta kan fi ɗumi. A shekarun 1970 Amurka ta sa hoton zafi cikin wani babban shirin binciken nono, daga baya ta cire shi, saboda yana tsallake daji da yawa, yana kuma tsorata masu lafiya. Har gobe hukumar abinci da magunguna ta Amurka, FDA, na gargaɗin cewa hoton zafi ba ya maye gurbin mamogirafi, wato hoton cikin nono da ake ɗauka a asibiti. Dalilin a fili yake: zafin saman fata kyamarar ke gani. Ƙunar gashi a fatar take, shi ya sa take kama ta. Ƙullutu kuwa a ciki yake. Duk wanda ya kafa tebur ya ce kawo jikka kaza in haska ki in gaya miki ko kina da daji, kuɗin yake haskawa. Ƙullutu sai hannun likita, da eko (hoton sikanin) ko mamogirafi, sannan a ɗebi tsoka a auna.

Tambaya: Hajiya, yayata za ta fara gashi. Kowa da abin da yake cewa a shafa: man kaɗanya, zuma, man zaitun, hoda, wasu sun ce kada ruwa ya taɓa wurin sam. Wanne za mu bi? Ƙanwarki daga Tibiri.

Amsa: Ƙanwata, ki fara da watsar da maganar hana ruwa. An gwada, wadda ke wanke wurin ta fi wadda ba ta wankewa samun sauƙi. Ruwa mai ɗan ɗumi, sabulu marar ƙamshi, tafin hannu, ba soso ba. A dafa da tsumma mai laushi ya tsane, kada a goge. Alamomin da aka zana mata a ƙirji kada a kankare su, da su ake saita injin. Ruwan zafi irin na jego, gashi da tsumma, ƙanƙara, turaren wuta a ƙarƙashin zane, humra, aske hammata da reza, filasta a kan wurin, duk a ajiye su. Riga ta auduga, sakakkiya. Rigar nono mai ƙarfe ta huta. Rana kada ta ga wurin.

Muddin fatar ba ta buɗe ba, mai marar turare yana taimakon bushewa. Man kaɗanya tsantsa da ba a haɗa da komai ba zai iya wannan aikin, a shafa siriri, a nuna wa masu gashin kafin a fara. Man zaitun na cikin ƴan abubuwan da ƙungiyar masana kula da masu ciwon daji, MASCC, ta amince da su a jagorarta ta 2023, tare da ledar da na ambata a sama da mayuka biyu na farmasi, mometasone da betamethasone. Waɗannan biyun sai da takardar likita, kuma shi zai ce yaushe a fara, yaushe a tsaya. Kada wata ta ce ai man bilicin ɗinta ma irin maganin ne a ciki. Wanda ke cikin na bilicin sau da yawa ya fi ƙarfi, shekara da shekaru yana sirantar da fata, kuma duk mai shafa shi ta gaya wa likita tun ranar farko ba tare da kunya ba. Alobera da ake ta yabo, da aka gwada ta ba ta hana komai ba. Hoda kuma taruwa take a lanƙwasa ta dunƙule da zufa.

In fatar ta buɗe, an canza doka: babu abin gida da zai hau kanta. An taɓa kawo mini wata baiwar Allah, ƴaƴanta don tausayi sun barbaɗa mata garin magani sun rufe da ƙyallen atamfa. Ƙyallen ya bushe ya kama naman. Sai da muka yi ta jiƙa shi da ruwan gishiri na asibiti, muna ɗagawa kaɗan-kaɗan da hantsaki, tana damƙe da hannun ɗiyarta tana salati. Da ya fita, ƙarƙashin jajir yake yana tsatsa, faɗin tafin hannu, garin ya zama laka a gefe-gefe. A tsakiyar jan akwai ƴan tsibirai farare-farare, sabuwar fata ce ta fara tsirowa, wasu kuwa sun bi ƙyallen. Da aka koma wanki da ruwan gishiri da ɗaurin da ba ya mannewa, ta rufe.

Ƙwayar cuta ma da hannunta a ciki. A 2023 likitoci a New York sun nuna cewa kashe wata ƙwaya da ke zama a hanci da fata, ta hanyar man hanci da sabulun asibiti, ya rage saɓulewar fata ga masu gashi. Ki tambaya ko za a rubuta mata. Bayan ta dawo Tibiri, in kika ga mugunya, ko wari, ko kumburin na faɗaɗa, ko zazzaɓi ya kai digiri 38, ko jini, a ranar za ku shigo Maradi da takardun gashinta a hannu.

Tambaya: Hajiya, tunda an ce wurin yana ɗaukar zafi har kyamara na gani, ashe hasken na nan a jikin kakata da aka yi wa gashi? An hana ta ɗaukar jaririna, an ware mata kwano. Ɗiyarki daga Sabon Gari, Maradi.

Amsa: A mai da mata kwanonta cikin na mutane, ɗiyata, a miƙa mata jaririn. Gashin da ake yi da inji daga waje ba ya barin komai a jiki. Ana kashe injin hasken ya ƙare. Ɗumin da kyamara ke gani na jininta ne da ya taru a wurin, ba ya taɓa kowa. Inda ake yin taka-tsantsan shi ne wanda aka ba maganin haske ya sha, ko aka dasa masa shi aka bari a ciki, shi kuma likita na gaya masa kwana nawa zai yi nesa da yara kafin a sallame shi. Ita dai ta rungume shi ta gefen da ba a gasa ba, kuma kada a goya mata shi sai fatar ta rufe, don ɗaurin zane a kan ƙirjin yake bi.